Gurguwar Motar Florian

Duk wanda ya tashi a Hamtramck, garin ma'aikatan masana'antar motoci, ya san irin su Florian Zielinski. Mutane ne da za su iya yafe maka in ka taka musu ƙafa a coci, amma in ka kira inji da sunan da ba nasa ba, to kun ɓata ke nan har ranar jana'izar ɗayanku. Ubansa aikin masana'antar motoci ya yi har ya kurmance. Shi ma yana gama sakandare uban ya tasa ƙeyarsa zuwa ƙofar da ya saba shiga. Shekara talatin da 'yan kai Florian ya yi yana goge karanshaf, ƙarfen nan da ke juyi a cikin tumbin inji. Ya bar aiki da kunne ɗaya da rabi, da yatsu tara, da taurin kai cikakke wanda ko ƙwarzane bai yi ba.

Abu biyu ne suka taɓa hana shi barci a duniya: wata jar mota Chevelle ƙirar sittin da takwas, da Dolores, 'yar mai gidan burodin kwanar titinsu. Motar ya fara samu, a hannun wani da ya ci moriyarta ya gaji. Injinta mai silinda takwas ne, huɗu nan huɗu can, sun buɗe kamar yatsu biyu. A unguwar ba a ce masa komai sai 396, kuma in an faɗi lambar har murya ake ragewa. Da wannan mota yake zuwa zance ƙofar gidan su Dolores kowace yammacin Asabar, har uban ya gaji da ganinsa ya ba shi ita.

Dolores ba mai sanyin baki ba ce. Ita ce ke ce masa da za a yi wa mota baftisma da tuni ya sa ta a wasiyya. Amma ranar Lahadi in sun fito coci ita ke fara shiga, ta ɗaure gashinta da ɗankwali, ta ce, "To malam direba, nuna musu." Shi kuwa ya taka totur har gilasan shaguna su ɗauki rawa.

Shekarar da aka sallami rabin unguwar daga aiki, 'yarsu Paulette tana goye. Sanyi ya shigo da wuri, tukunyar ɗumama gida ta mutu. Florian ya zagaya gidan yana neman abin da zai sayar, bai ga komai ba sai abin da yake guje wa kallo. Motar dai ya ce ba za ta bar gidan ba. Injin ya cire, wani mutumin Ohio ya zo da akori-kura ya ɗauke. Ya rufe gangar jikin da tamfol a gareji, ya ce da Dolores, "Wata shida ne, za ki gani."

Wata shidan nan ya zama shekara arba'in. Aiki ya dawo, amma rufin gida ya yi yoyo, Paulette ta shiga makaranta, ta yi aure, auren ya mutu, ta dawo, ta sake fita. Kowace bazara Florian zai yaye tamfol, ya goge jan fentin da tsumma, ya leƙa ramin da inji ya bari, ya ce baɗi. Dolores har ta daina yi masa tsiya a kai. Gwangwanayen kabejin da take jiƙawa ma a cikin but ɗin motar take ajiye su.

Sai mantuwa ta kama ta. Da farko abin dariya ne: buta a cikin firji, tabarau a cikin kwanon sukari. Daga baya ba wanda ya ƙara dariya. Ta manta hanyar coci, ta manta yadda ake murza burodin da ta tashi a cikinsa, ta fara kiran Paulette da sunan wata ƙawarta da ta daɗe a ƙasa. Florian kuwa ya zama "Malam". Tana gaishe shi da ladabi, tana gode masa in ya ɗaura mata takalmi, tana tambayarsa ko shi ne mai gyaran famfo. Wannan ladabin ya fi zagi yi masa ciwo, domin a shekara hamsin ba ta taɓa yi masa ladabi ba.

Amma a kakar bara ƙofar ba ta gama rufewa ba. Wata safiyar sai ta ɗago daga kofin shayi ta dube shi sosai ta ce, "Florian, wannan gemun fa? Ka zama kamar akuya." Ranar sai ya wuni yana fito. Irin wannan safiya tana zuwa jefi-jefi, kuma tazararsu tana ƙara nisa, shi ma ya lura.

Ya lura da wani abin kuma. Da la'asar sakaliya takan ɗauki mataji ta tsaya a tagar falo tana kallon titi, kunnenta a karkace. Takan ce, "Malam, yau ba Asabar ba ce?" Ya daɗe yana cewa a'a, Talata ce, Alhamis ce, kafin ya gane abin da take saurare. Ranar da ya gane, bai ko gama cin abinci ba ya fita gareji ya yaye tamfol. Ya sa a ransa cewa in ta ji ƙarar motar nan tana kwanar titi, ta ga wanda ya fito daga ciki, za ta san shi, kuma wannan karon sanin zai zauna. Ba likitan da ya gaya masa haka. Shi ya yanke, kuma abin da Florian ya yanke ya yanku.

Wanda ya fara kira shi ne Chester, ƙanin Dolores. Shekara ɗaya ce tsakaninsa da yayarsa, kuma shi mutumin Ford ne, kamfanin da ke kishiya da masu ƙera Chevelle, a can ya yi aiki har ya tsufa. Tun ranar ɗaurin aure suke musu da Florian a kan mota, ba a taɓa cin abincin Kirsimeti a gidan ba tare da ɗayansu ya buga tebur ba. Chester ya zo da tumbinsa da sandarsa, ya leƙa ramin injin, ya saurari bayani. Bai yi dariya ba, abin da ya ba Florian mamaki.

Ya ce, "To ai da sauƙi. Ina da inji 351 a garejina, lafiyarsa lau, makon jiya ma na tayar da shi. Mu ɗauko mu yi masa mazauni. Kafin ganye ya gama zuba Yaya ta ji ƙara."

Florian ya dube shi kamar ya yi tusa a coci. "Injin Ford? A cikin motata?"

"A'a, a cikin ƙirjinka. Ko ka samu zuciya mai aiki."

"Gara in ɗaura mata jaki."

"Ai jakin na nan tsaye, yatsunsa tara. Kai tsoho, kyauta fa na ce zan ba ka. Ni da kaina, Chester, zan sa injina mai daraja a cikin wannan gwangwanin naka, in jure kunyar har in mutu, saboda Yaya."

"Riƙe kayanka. Kunnen Dolores ba ya ƙarya. 396 ta sani."

"Yaya ba ta san bambancin 396 da keken ɗinki ba! Tun tana da hankalinta ba ta sani ba!"

Florian ya ja tamfol ya rufe, wato magana ta ƙare.

Paulette ma ta gwada. Ita ma'aikaciyar jinya ce, ta san abin da ke tafe fiye da su duka. Ta ce, "Baba, yanzu fa ana kawo sabon inji a akwati har ƙofar gida. Ko a cire na akori-kurar da ta yi haɗari, yaran yanzu duk haka suke yi." Ya ce shi ba zai sa injin da sai ya nemi izinin kwamfuta kafin ya yi tari ba. Ta ce to ƙaramin na gidansu fa, 350, wanda ake samu ko'ina kamar kabeji a kasuwa? Wannan kam jininsu ɗaya da motar, da ya shiga ba ko gardama. Amma ya girgiza kai. Muryar ƙaramin siririya ce, in ji shi, ba ta taso daga ciki. Dolores za ta gane ba ita ba ce.

Paulette ta ce, "Baba, lokaci fa."

Ya ce, "Abin da za a yi sau ɗaya, a yi shi daidai."

Wanda bai zauna da mutanen nan ba zai ce hauka ce. Ba hauka ba ce, tarbiyya ce, kuma ta fi hauka wuyar magani. An raine su a kan cewa kowace mota da injin da aka haife ta da shi, kuma wanda ya haɗa wani da wani ya yi abin da ba a faɗa a gaban yara. A wurin Florian, kai wa Dolores ƙarar wani inji daidai yake da yi mata ƙarya, shi kuwa bai taɓa yi mata ƙarya ba in ban da ta wata shidan nan.

Haka aka shiga hunturu yana yawon neman 396. Duk inda 'yan tsofaffin motoci suka baje kolinsu, a filin baje amfanin gona ne ko a zauren tsoffin sojoji, za ka gan shi da tocila da ɗan madubi, yana durƙusawa a kan siminti mai sanyi yana leƙa ƙarfe. Chester ne direba, yana tuƙi yana mita. Wani injin an bar ruwa ya daskare a cikinsa ya tsage. Wani an rarake silindarsa har ta yi kaurin takarda. Wani kuma mai shi ya ce ba na sayarwa ba ne, ya kawo shi ne kawai a gani, irin na tsofaffin da ba su da wanda za su yi wa hira a gida.

Gab da Kirsimeti suka samu wani a bayan shagon wani mai walda, tsaf da shi, har yana tashi. Chester ya fara murza hannu. Florian ya kankare tsatsar bayan injin da wuƙa, ya karanta shekarar da aka zuba ƙarfensa, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Na saba'in ne."

"To sai me?"

"Na saba'in sunan kawai gare shi. An ɗan faɗaɗa shi. Ba shi ba ne."

"An faɗaɗa shi da me? Da kaurin farce! Florian, don girman Allah!"

"Ba shi ba ne."

Chester ya ɗaga sandarsa, mai walda har ya matso zai raba. Amma sai Chester ya sauke ta, ya koma mota ya zauna. Haka ya tuƙa su har gida.

Ranar Talatar da ake cin paczki, wani soyayyen burodi mai zaƙi, kafin azumin Ista, lokacin da layin gidajen burodi ke kaiwa har kwana, aka yi masa waya cewa akwai wani a rumbun wani manomi can bayan Toledo. Paulette ta ɗauki hutu za ta zauna da uwarta. Florian da Chester suka fita tun Dolores ba ta tashi ba. Wannan karon shi ne: shekarar daidai, ba tsagewa, an cika shi da baƙin mai an rufe tun mai shi na da rai. Florian ya dafa ƙarfen da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa, ya ce sanyi ne.

Da yamma suka iso da injin a bayan akori-kura. Paulette na tsaye a ƙofar kicin, fuskarta a kumbure.

Ta ce, "Baba, yau ta tashi garau. Ta san ni. Ta tambayi yarana da sunansu. Ta ce ina tsohon nata, ta ce yau ranar paczki ce, kullum kai ke kawo mata mai cike da jam. Ta hana a taɓa nata, wai sai ka dawo ku ci tare. Tun safe take cewa Florian, Florian. Na yi ta kiran wayarka."

Wayar tana cikin aljihun rigar da ya bari a mota lokacin da yake kwance a ƙarƙashin injin. Ya shiga falo da takalminsa na dusar ƙanƙara. Dolores tana zaune, faranti a gabanta da paczki biyu. Ta ɗago ta yi masa murmushi.

"Sannu da zuwa, Malam. Bismilla, ɗauki ɗaya. Wanda na ajiye wa bai zo ba."

Ya ɗauka ya ci a tsaye. Daga wannan rana ba ta ƙara kiran sunansa a gaban idonsa ba.

Wani mutum da nan zai karaya. Shi sai ya ƙara shigewa gareji, don yanzu ba abin da ya rage masa sai injin. Ya warware shi kaf, ya wanke kowane ƙarfe, ya goge karanshaf da hannunsa kamar yadda ya yi wa dubbai a masana'anta, sai dai wannan ya fi su duka samun gata. Sabbin ringi, sabbin bawul, kafireta da ya kwance ya ɗaure har ya haddace ta. Ya ɗauki kujerar Dolores ya ajiye a bakin gareji don idonsa ya riƙa kai wa gare ta. Tana zaune da bargo a cinya tana kallonsa, lokaci-lokaci ta ce, "Malam, kana da ƙoƙari." Da la'asar ta tashi ta nemi matajinta.

Tsakiyar bazara ta fita da rigar barci, aka tsinto ta a bakin babban titi tana neman gidan ubanta da aka rushe tun tuni. Paulette ta zaunar da Florian ta gaya masa ta nema wa uwar wuri a gidan kula da tsofaffi, kuma an ce ɗaki zai samu kafin dusar ƙanƙara ta fara. Bai yi faɗa ba. Ya san bayansa ba ya iya ɗaga ta daga baho kuma. Ya ce kawai, "Bari ta ji motar tukuna."

Wata Asabar ta watan Agusta aka tayar da motar. Maƙwabta suka firfito, tsofaffin masana'anta suka jeru da gwangwanayen giya a hannu. Florian ya sa farar riga, ya aske gemu. Ya murɗa makulli, injin ya yi tari sau ɗaya ya kama. Kai, ranar an ji murya! Ƙara ce mai kauri, shimfiɗaɗɗiya, silinda takwas suna amsa wa juna ba mai riga wani, har a tafin ƙafa ake jinta. Tsofaffi suka cire huluna. Chester da kansa ya ce, "Shege tsoho," kuma a bakinsa wannan lambar yabo ce.

Florian ya fita a hankali, ya zaga bayan layi, ya shigo ta kwanar da ya saba shigowa da can. Dolores tana taga da matajinta. Ya rage gudu, ya taka totur sau biyu, ya tsaya a ƙofar gida. Ta dubi motar kamar yadda take duban motar kwasar shara. Ta juya ta ce da Paulette, "Wane ne mai damun mutane haka?" Ta ci gaba da kallon kwanar titi, kunnenta a karkace.

Ya sake zagayowa. Ya kuma sakewa. Maƙwabta suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallon takalminsa. Da ya tsaya a karo na ƙarshe bai kashe injin ba, ya dai zauna riƙe da sitiyari, injin na ta zuba waƙarsa mai kyau wadda ba a tambaye shi ba.

Chester ya dogaro sandarsa ya zo ya jingina da taga. Ya daɗe yana saurare, sai ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Florian. Wannan ai ba Gurguwa ba ce."

"Wace Gurguwa?"

"Kai dai ka manta, don ba ka so ka tuna. Lokacin da kake zuwa zance, motar nan da silinda bakwai take tafiya. Bawul ɗaya ya ƙone, ba ka da halin gyara. Tun daga kwana muke jin ka, tana tafe tana ɗingishi. Babanmu ya ce ga Gurguwa nan, a ɓoye burodi. Yaya kuwa ta zabura ta nemi mataji."

"Na gyara shi."

"Bayan biki ka gyara shi. Da kuɗin gudummawa, ina wurin. Kai shekarun da take ruri kake tunawa. Yaya ba ta can, Florian. Tana gidan babanmu, shekararta sha tara."

Florian ya kashe injin. Ya tuna. Ya tuna kunyar da yake ji in ya tsaya a danja kusa da wasu samarin, ya tuna yadda yake ƙure rediyo don kada ya ji. Shekara hamsin yana ba da labarin motar nan, bai taɓa sa wannan a ciki ba, har shi kansa ya yarda babu shi.

Chester ya buɗe murfin injin, ya kai hannu kan wayar fulogi ɗaya. Florian ya fito da sauri ya cafke masa wuyan hannu.

"Ka san abin da zai faru. Ɗanyen fetur zai riƙa zuba a silindar, ya wanke man, ya cinye ringi. Kashe shi za ka yi."

"Na sani. Ni ma a cikin inji na tsufa."

Suka tsaya haka, tsofaffi biyu riƙe da juna a kan ƙarfe mai zafi. Sai Florian ya ture hannun Chester gefe, ya naɗe tsumma a nasa, ya fizge wayar da kansa.

Da ya sake tayarwa, injin ya kama da kyarma. Yana bugawa yana tsallake ɗaya, yana bugawa yana tsallake ɗaya, gangar motar tana jijjiga, salansa na tofar da warin fetur. A kunnen Florian abin kamar ana yanka ɗansa. Ya zaga bayan layi a haka, ya shigo ta kwana.

Bai kai rabin titin ba ya ga ƙofa ta buɗe. Dolores ta fito da silifas, tana gyara gashi da hannu ɗaya, tana saukowa daga matakalar da ta yi wata da watanni ba ta sauka ba sai an riƙe ta. Fuskarta ta yi wani haske da Florian ya ɗauka ya tafi har abada. Tana dariya tana cewa, "Ga Gurguwa! Chester, kada ka gaya wa Baba na fito!"

Ya tsaya. Kafin ya buɗe ƙofa ta iso. Ta sunkuyo ta taga, ƙamshin hodarta ya cika motar. Ta dube shi. Ta dubi kujerar gefe. Ta leƙa ta baya. Hasken nan ya fara janyewa a hankali, ladabin ya dawo mazauninsa.

"Baba, sannu. Ina mai motar?"

Ya ƙara damƙe sitiyari.

"Florian nake nufi. Dogo ne, mai baƙin gashi. Ko aiko ka ya yi?"

Chester ya juya baya, kafaɗunsa na motsi. Florian ya ce, "Eh. Aiko ni ya yi. An riƙe shi a wurin aiki."

"Kullum aiki," in ji ta. Ta shafa jan fentin ƙofar da tafin hannu. "To ba komai. Ka gaishe shi."

Abin da bai faɗa wa kowa ba, amma kowa ya sani, shi ne wannan: duk wani inji mai silinda takwas in aka cire masa waya ɗaya, haka zai yi ɗingishi. Na Chester ma haka, ƙaramin nan mai yawa kamar kabeji ma haka. Da a kakar bara aka yi, lokacin da take ce masa akuya, da wataƙila ta leƙa tagar nan ta ga mijinta. Wataƙila kuma ba ta gani ba. Ba wanda zai iya gaya masa, kuma wannan rashin sanin shi ne abin da yake kwana da shi yake tashi da shi. Chester, da bai taɓa barin musu ya wuce shi ba, ko sau ɗaya bai ce ai na gaya maka ba.

Tun daga ranar, kowace la'asar Asabar ce a gidan. Florian zai ga ta ɗauki mataji, ya zame ta ƙofar baya, ya tura motar ta lungun bayan gida, ya zago ta kwana. Wayar fulogin bai mayar da ita ba, tana rataye a ƙusa a gareji. Baƙin mai ya fara warin fetur, yana juye shi yana zuba sabo, a banza. Kafin ganye ya fara ja, salansa ta fara fitar da shuɗin hayaƙi. Chester ya sunkuya ya saurara ya ce, "Ba zai kai dusar ƙanƙara ba." Florian ya ce ai ba a buƙatar ya wuce nan.

Ranar da Paulette ta kira ta ce ɗaki ya samu, jibi za a zo ɗaukar ta, injin sai da ya sha murɗa kafin ya kama. Ya shigo kwana da ƙyar, hayaƙi na bin sa a baya. Dolores ta fito kamar kullum, da gudunta na tsufa, da haskenta. Ta leƙa ta ga tsohon nan dai. Yau kam ba ta ɓoye ɓacin ranta ba.

"Baba, kai ne kuma? Don Allah ka gaya masa ya daina aike. Ya zo da kansa. Na gaji da tsayuwa a taga."

"Zan gaya masa."

"Ka san shi sosai kuwa?"

"Na san shi," in ji Florian. "Sakarai ne. Yana can ya tsaya zaɓen ƙarfe, ya bar ki kina jira."

Ta ja da baya, ta murtuke fuska, ta nuna shi da matajin. Muryar da ta fito ita ce ta da, mai kaifi, wadda ya yi shekara yana roƙon Allah ya ƙara ji.

"Kul, Baba! Da girmanka? Kada ka ƙara zagin sa a gabana. Florian in ya ce zai zo, zai zo."

Ta juya ta hau matakala tana dafa ƙarfe. Bai tafi ba, ya zauna cikin hayaƙi da kyarmar injin, har sai da ya ga labulen falo ya motsa, ta koma tagarta tana kallon kwanar titi.